Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Shafin Intanet Yake Amsa Gungurawa da Zuƙowa a Burauza

Waɗannan tambayoyi ne da masu koyon gina shafukan intanet suka saba yi da zarar sun wuce matakin jera rubutu da hotuna, suka fara son shafinsu ya bi motsin yatsan mai karatu. An ɗauka cewa mai karanta amsoshin ya san HTML da CSS, yana kuma da ɗan abin da ba a rasa ba na JavaScript.

Me yake faruwa a cikin burauza idan mutum ya ja shafi da yatsa?

Yawancin fuskokin waya da na kwamfuta suna sabunta hotonsu sau 60 a daƙiƙa guda, wasu sababbin wayoyi kuma sau 90 ko 120. A kan fuska mai sau 60, burauza tana da kimanin milisakan 16.7 kacal ta shirya kowane hoto, in kuwa ta makara, ido zai ga shafin yana cijewa. Domin kauce wa haka, burauzocin zamani sun raba aikin gida biyu. Akwai babban layin aiki, wanda yake gudanar da JavaScript, yake lissafa salon CSS, yake kuma auna inda kowane abu zai zauna. Akwai kuma wani layi na daban da aikinsa kawai shi ne ya ɗauki sassan da aka riga aka zana ya matsar da su sama ko ƙasa. Wannan ne ya sa shafi mai nauyi yakan ci gaba da gunguruwa lami lafiya alhali maɓallansa sun daina amsawa.

Abin da ya kamata mai gina shafi ya riƙe daga nan shi ne, sanarwar `scroll`, wato saƙon da burauza take aikawa cewa an gungura shafi, tana iso wa JavaScript ne bayan shafin ya riga ya motsa. Duk abin da aka ɗora wa JavaScript nauyin riƙe shi a wuri guda yayin gungurawa zai riƙa zuwa a makare, shi ya sa ake ganin wasu kawunan shafi suna rawa a kan waya.

To, ke nan kuskure ne a saurari sanarwar `scroll`?

A'a, amma ita ce hanya ta ƙarshe da ya dace a bi. Matsalar ba ta sauraron kansa ba ce, tana cikin aikin da ake cusawa a ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a canza salon wani abu, nan take a tambayi burauza matsayinsa da `getBoundingClientRect` ko `offsetTop`, sannan a sake canza wani, a sake tambaya. Kowace tambaya da ta biyo bayan canji tana tilasta wa burauza ta dakata ta sake auna tsarin shafin kafin ta ba da amsa, kuma idan abubuwan sun kai hamsin, to sau hamsin za ta yi wannan awo a cikin hoto guda. Gyaran ba shi da wuya: a tattara dukkan tambayoyi a yi su da farko, sannan a yi dukkan canje-canje daga baya a cikin `requestAnimationFrame`, wanda yake gudanar da aiki daf da zana hoto na gaba.

Nau'in canjin ma yana da tasiri. Sauya `top` ko `width` ko `height` yana jawo sabon awo, amma `transform` da `opacity` galibi layin matsar da hoto ne yake ɗaukar nauyinsu ba tare da ya dami babban layin ba. Idan kuma abin da ake so shi ne sanin lokacin da mutum ya tsaya, akwai sanarwar `scrollend` da Firefox da Chrome suka shigo da ita a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dabarar ƙirga lokaci da `setTimeout`.

Yaya zan san cewa wani sashe ya shigo inda mai karatu yake gani?

Da `IntersectionObserver`, wanda ya shigo Chrome 51 a 2016, Firefox ta bi baya a 2017, Safari kuma a 2019. Ana miƙa masa abubuwan da ake son ya sa wa ido, shi kuma sai ya yi magana a lokacin da suka shigo ko suka fita, ba a kowane motsi ba. Da `rootMargin` ana iya cewa ya sanar tun abin yana da sauran fiksel ɗari biyar kafin ya bayyana, wanda hakan yake ba da damar a fara ɗauko bayanai kafin mai karatu ya iso.

Ga hotuna ma ba a buƙatar wannan duka. Tun 2019 Chrome ta karɓi `loading="lazy"` a kan alamar hoto, sauran burauzoci suka biyo baya, kuma ga mai sayen data da kuɗinsa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin hoton da bai gungura ya kai gare shi ba, bai biya kuɗinsa ba. Sharuɗɗa biyu ne kawai. Kada a sa shi a kan babban hoton da yake saman shafi, domin zai jinkirta shi a banza. Sannan kowane hoto a rubuta masa faɗi da tsawo, don burauza ta keɓe masa gurbi tun kafin ya iso. Idan ba a yi haka ba, mutum yana tsakiyar karatu hoto zai sauko ya ture rubutun ƙasa, ko ya kai yatsa kan wani maɓalli ya dira a kan talla. Google tana auna wannan tsalle-tsalle da ma'aunin CLS da ta sa cikin manyan ma'aunanta a 2020, kuma tana ɗaukar 0.1 ko ƙasa da haka a matsayin mai kyau.

Ina son kan shafina ya manne a sama. Me ya sa `position: sticky` ya ƙi aiki?

Sau da yawa dalili ɗaya ne cikin uku. Ko dai an manta a rubuta `top: 0`, wanda in babu shi burauza ba ta san inda za ta manna abin ba; ko ɗaya daga cikin akwatunan da suka kewaye shi yana da `overflow: hidden` ko `auto`, wanda yake sa mannewar ta koma bin wannan akwati maimakon shafin; ko kuma akwatin da yake ɗauke da shi tsawonsu ɗaya, don haka babu filin da zai manne a ciki.

Idan ya yi aiki, sauran abu biyu. Mahaɗin da yake kai mutum wani sashe a cikin shafin zai ajiye taken sashen a ƙarƙashin kan da ya manne, sai an sa `scroll-padding-top` daidai da tsawonsa. Na biyu ya fi muhimmanci, kuma kusan kowa yana mantawa da shi: kai mai tsawon fiksel 80 ba ya damun kowa a babbar fuska, amma idan mai raunin gani ya zuƙo zuwa kashi 400 cikin ɗari, tagar da take da tsawon fiksel 800 ta koma 200, kan shafin ya cinye kusan rabinta. Abin da ya dace shi ne a rubuta sharaɗin `max-height` a CSS wanda zai sake shi ya bi shafi idan tagar ta gajarce.

Mene ne ma'anar gargaɗin `passive` da nake gani a Chrome?

Idan shafi yana sauraron `touchstart` ko `touchmove` ko `wheel`, yana da ikon hana gungurawa ta hanyar kiran `preventDefault`. Burauza ba ta san ko zai kira ba, don haka dole ta jira JavaScript ya gama kafin ta motsa shafin, kuma wannan jira shi ne jinkirin da yatsa yake ji. Alamar `passive: true` alkawari ne cewa ba za a hana ba, don haka ta ci gaba abinta. A 2017 Chrome 56 ta mayar da masu sauraron taɓawa da aka ɗora a kan shafi gaba ɗaya masu wannan alkawari ko da ba a rubuta ba, sannan Chrome 73 ta yi wa tayar linzami haka a 2019. Wanda yake buƙatar hanawa da gaske sai ya rubuta `passive: false` ƙarara, kuma ya fi kyau ya ɗora shi a kan ƙaramin sashen da abin ya shafa kawai.

Ana iya sa abubuwa su motsa daidai da gungurawa ba tare da JavaScript ba?

Ana iya. Chrome 115 ta kawo `animation-timeline` a 2023, wanda yake ɗaure motsin CSS da nisan gungurawa maimakon agogo. Siririn layin nan da yake tsawaita a saman maƙala yana nuna inda karatu ya kai, layuka kaɗan na CSS sun ishe shi yanzu. Tun da ba kowace burauza da take hannun mutane ce ta san shi ba, a kewaye shi da `@supports`, a kuma tabbata shafin yana karantuwa ko motsin bai yi aiki ba. Babban haɗarin shi ne a ɓoye rubutu da niyyar motsi ya bayyana shi, sai motsin ya ƙi tashi, mai karatu ya tarar da farin fili.

Akwai mutanen da motsin bango da na gaba a gudu daban-daban yake sa wa jiri da tashin zuciya. Waya da kwamfuta suna da saitin rage motsi, kuma CSS yana jin sa ta `prefers-reduced-motion`, don haka duk motsin ado ya kamata ya tsaya ga wanda ya kunna shi.

Abin da marubucin nan bai ga amfaninsa ba ko kaɗan shi ne ƙwace gungurawa daga hannun mutum, wato a kama tayar linzami a sauya mata gudu, ko a tilasta wa shafi tsallake fuska guda a kowane motsi. Mai karatu ya saba da nauyin yatsansa a kan wayarsa, kuma shafin da ya sauya masa wannan sabo yakan lalata maɓallan kibiya da binciken kalma a cikin shafi ma. Idan jerin hotuna ake so su riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, `scroll-snap-type` yana yin haka, linzamin kuma yana nan a hannun burauza.

Shin zuƙowa da yatsu biyu da zuƙowa da Ctrl da alamar tarawa abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma rikita su ne tushen yawancin matsalolin wannan fanni. A ɗauki allon almajiri. Idan ya ɗaga allon ya kusanto da shi ga ido, rubutun yana nan yadda yake, sai dai yanzu wani ɓangare kawai yake gani. Wannan ita ce zuƙowa da yatsu biyu. Idan kuwa ya wanke allon ya sake rubutu da manyan baƙaƙe, kowane layi zai ɗauki kalmomi kaɗan, layukan su ƙaru; wannan ita ce zuƙowar shafi da Ctrl.

A fasahance, burauza tana da taga biyu. Akwai tagar tsari, wadda CSS yake auna faɗin abubuwa da ita, akwai kuma tagar gani, wato ɓangaren da yake kan fuska a yanzu. Zuƙowar shafi tana ƙara girman kowane fiksel na CSS, don haka tagar tsari tana ƙanƙancewa: taga mai faɗin 1280 tana komawa 640 a kashi 200, tana komawa 320 a kashi 400. Sharuɗɗan `@media` suna tashi kamar an buɗe shafin a waya, kuma duk shafin da aka gina shi ya dace da ƙaramar fuska ya riga ya warware rabin matsalar. Zuƙowa da yatsu ba ta taɓa tagar tsari, tagar gani kaɗai take ragewa, shi ya sa sharuɗɗan `@media` ba sa jin ta, kuma abin da aka kafe da `position: fixed` yana iya ficewa daga gani.

Yaya shafi zai gane cewa an zuƙo?

Ga zuƙowa da yatsu akwai `window.visualViewport`, wanda ya shigo Chrome a 2017, Safari a 2019, Firefox a 2021. Yana ba da `scale` da faɗi da tsawo da nisan tagar gani daga kusurwar tagar tsari, yana kuma da nasa sanarwar `resize` da `scroll`. Ga zuƙowar shafi, a Chrome da Firefox adadin `devicePixelRatio` yana canzawa, amma ba ma'aunin zuƙowa ba ne tsantsa, domin lamba 2 tana iya nufin fuska mai kaifi a kashi 100 ko fuska ta gama-gari a kashi 200. Saboda haka ƙoƙarin gano ainihin kason da mutum ya zaɓa ɓata lokaci ne, kuma shafin da aka tsara da kyau ba ya buƙatar saninsa.

Inda adadin yake da amfani shi ne `canvas`. Rubutu da zanen SVG suna fitowa tas a kowane girma, amma `canvas` tarin ɗigo ne, idan aka zuƙo sai ya dusashe. Akwatin da yake da faɗin fiksel 400 a CSS a kan fuska mai adadi 2 yana buƙatar ɗigo 800 a cikinsa, kuma duk lokacin da adadin ya canza sai an sake saita shi an sake zane.

Zuƙowa tana ɓata mini tsari. Zan iya hana ta?

Akwai `user-scalable=no` da `maximum-scale=1` da ake sawa a alamar `viewport`, amma bai kamata a yi amfani da su ba. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da intanet, waɗanda hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta W3C ta fitar, sun buƙaci, tun bugun 2008, a iya ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 ba tare da an rasa komai ba, bugun 2018 kuma ya ƙara cewa rubutu ya jeru a faɗin fiksel 320 ba tare da an riƙa jan shafi dama da hagu ba. Apple ma ta sa Safari ta daina biyayya ga wannan hani tun iOS 10 a 2016. Mai karanta Hausa yana da nasa dalilin na musamman: a ƙaramin rubutu lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ takan ɓace wa ido, balle wasulan ajami, kuma dattijon da gilashinsa ba ya kusa yatsunsa biyu ne mafitarsa.

Dalilan da suke sa mutane hanawa duk suna da wani maganin. Idan iPhone tana zuƙowa da kanta duk lokacin da aka taɓa gurbin cike fom, rubutun gurbin ne bai kai fiksel 16 ba, a kai shi 16 ta daina. Idan tsoron jinkirin milisakan 300 ne, wanda burauzocin waya suke yi a da don jiran ko za a taɓa sau biyu, ya kau ga shafukan da suka rubuta `width=device-width`, kuma `touch-action: manipulation` yana kawar da shi a kan maɓalli. Idan kuma tsarin ne yake wargajewa, galibi an kafe wa akwatin rubutu tsawo ne da `height`, alhali `min-height` ya kamata a sa.

Me ya sa maɓallin da na ajiye a ƙasan fuska yake ɓuya a waya?

A ɗauki shafin biyan kuɗi mai maɓallin "Biya" a can ƙasa, wanda aka ba tsawon `100vh`. A waya, gurbin adireshi yana bayyana yana ɓuya yayin gungurawa, shi kuwa `100vh` yana auna tsawo ne kamar gurbin ya ɓuya, don haka da buɗe shafin maɓallin yana ƙasa da inda ido yake kaiwa. A 2022 Safari 15.4 da Chrome 108 suka kawo sababbin ma'aunai: `svh` na lokacin da gurbin yake bayyane, `lvh` na lokacin da ya ɓuya, da `dvh` mai bin halin da ake ciki. Mafi aminci shi ne `svh`, domin `dvh` yana sa tsari ya riƙa motsi ana cikin gungurawa.

Madannan rubutu wata matsala ce daban. Idan mai saye ya taɓa gurbin lambar waya suka taso, a Safari, da kuma Chrome ta Android tun bugu na 108, tagar gani ce take gajarcewa, tagar tsari tana nan, don haka maɓallin da aka kafe a ƙasa yana bayansu. Ana iya bin `visualViewport` a ɗaga shi, amma sau da yawa ya fi sauƙi a bar maɓallin a cikin fom ɗin, ƙarƙashin gurbi na ƙarshe.

Idan taswira ko babban hoto nake ginawa, wanda yake buƙatar zuƙowar kansa fa?

A nan ne kaɗai karɓe yatsun mutum yake da hujja, kuma a cikin akwatin taswirar kawai. Ana sa masa `touch-action: none`, a bi yatsun biyu da sanarwar `pointerdown` da `pointermove`, a raba nisan da yake tsakaninsu yanzu da nisan farko don samun sabon girma. A Chrome da Firefox, matsa yatsu biyu a faifan taɓawa na kwamfuta yana zuwa ne a matsayin `wheel` mai alamar `ctrlKey`.

Wurin da masu koyo suke tuntuɓe shi ne riƙe abin da yake ƙarƙashin linzami a inda yake. A ce linzami yana fiksel 300 daga gefen hagu, hoton kuma ya fara daga sifili. Idan aka ninka girman sau biyu, ɗigon da yake a 300 ya koma 600, don haka dole a ja hoton hagu da fiksel 300 domin ya dawo ƙarƙashin linzamin. Dokar ita ce a cire matsayin hoto daga na linzami, a ninka da sabon girma bisa tsoho, sannan a cire sakamakon daga matsayin linzami. Haka ake yi wa tsaye ma. Ga taswirar gaske ba a buƙatar ƙirƙiro wannan, domin Leaflet, wani shiryayyen kayan JavaScript na nuna taswira, da makamantansa sun daɗe da yi, suna ɗauko taswirar a gutsattsari masu fiksel 256, inda a mataki na sifili duniya duka gutsure ɗaya ce, kowane mataki kuma yana ninka faɗinta sau biyu.

A kula kada taswirar ta zama tarko. Idan ta cika faɗin waya, mai gungurawa zai faɗa cikinta ya kasa wucewa. Google Maps tana da tsarin da yatsa ɗaya yake jan shafi, yatsu biyu suke jan taswira, kuma abin koyi ne.

Jerin da ba ya ƙarewa ya fi, ko maɓallin ƙarin sakamako?

Ga shafin da ake neman takamaiman abu a ciki, maɓalli ya fi. Jeri mara iyaka, wanda yake ƙaro sababbin abubuwa da kansa yayin gungurawa, yana hana kaiwa ƙasan shafi, yana cika ƙwaƙwalwar ƙaramar waya, kuma wanda ya buɗe abu na tamanin ya danna komawa baya yakan tsinci kansa a na farko. Wanda ya nace sai ya sa matsayin a adireshin shafi, ya kuma duba `content-visibility: auto` don burauza ta daina zana abin da ya yi nisa.

Akwai wani bambanci ga shafin ajami ko na Larabci?

Akwai, a gungurawar gefe. A akwatin da rubutunsa yake farawa daga dama, `scrollLeft` yana farawa da sifili a gefen dama, yana zama lamba ƙasa da sifili idan aka nufi hagu. Chrome ta daidaita da wannan ƙa'ida a 2020, don haka tsofaffin misalan da suka ɗauka lambar ba ta sauka ƙasa da sifili suna ba da amsar banza.

Yaya zan gwada duk wannan?

A kwamfuta, a buɗe taga mai faɗin 1280 a zuƙo zuwa kashi 400, a karanta shafin daga sama har ƙasa, sannan a ajiye linzami a bi shi da maɓallin Tab kaɗai, ana duba ko wurin da aka tsaya yana ɓuya a ƙarƙashin kan shafi. Kayan aikin magina na Chrome suna da saitin rage gudun kwamfuta sau huɗu ko shida, kuma sashen Performance yana nuna hotunan da suka makara da aikin da ya jawo haka.

Wannan duka ba ya maye gurbin waya ta gaske. Idan masu karatun a Kano ko Maraɗi suke, yawancinsu ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix ne a hannunsu, don haka a nemi irinta, wadda ta kwana biyu kuma ma'ajiyarta ta kusa cika, a gwada a kai. A buɗe shafin a Opera Mini ma, a yanayinta na matuƙar tsimin data, inda sabar kamfanin ce take gudanar da JavaScript ta aiko wa waya sakamakon. A can shafin ba ya jin gungurawar mai karatu, kuma duk rubutu ko hoton da aka ce sai an gungura zai bayyana yana iya ƙin fitowa sam.